Direban Jif ɗin Zagaye

Shekara talatin ina zaga jami'ar nan ta Manila,
itatuwan bakin titi sun san tarin injina.
A da 'ya'yan masunta da na manoman shinkafa
ke cika min mota har wasu na lilo a ƙofa,
silifa a ƙafa, kwalin zanga-zanga a hammata.
Kuɗin mota ya bi hannu-hannu
ya iso gare ni da ɗumin mutum goma.

Yau filin da suke taruwa su yi ihu
an ja masa farin fenti, layi-layi,
motoci ke wuni a ciki.
Yara na wuce ni a bayan baƙin gilashi
da kofi mai ƙanƙara,
kuɗinsa ya kai na fasinjana goma sha biyu.
Ban ga laifinsu ba, jarrabawa suka ci.
To wa ya biya mai koya musu cin ta?

Jiya Lualhati, 'yar Samar, ta hau ita kaɗai,
tana ɓoye tsohon takalminta ƙarƙashin benci.
Ta miƙo tsaba, babu hannun da zai karɓa.
Sai da ta taso, ta tako har gaba.
Peso ɗaya bai cika ba.
Ban ƙirga a gabanta ba.