Motar da Ta San Ƙanƙara

Daga tashar Apapa muka jawo ta,
wata Laraba, ana yayyafi.
Dillali ya daki bonet da tafin hannu,
ya ce, "Alhaji, wannan ba ta san wahala ba."
Ƙarya yake. Ta sani.

A but ɗinta muka tsinci wani abu,
sandar roba, kai ɗaya buroshi,
ɗaya kan kamar bakin fartanya.
Lantana ta juya shi, ta sake juyawa,
ta ce na kankare ƙanzon tukunya ne.
Ƙarƙashin kujerar baya kuma
safar hannu ja, ƙwaya ɗaya tal,
ta yaron da bai wuce sa'ar Ummita ba.

Baba Risika, makaniken bayan kwata a Agege,
ya shige ƙarƙashinta da tocila a baki,
ya fito yana girgiza kai:
"Gishiri ya cinye mata ciki."
Na ce gishiri kuma? A ina?
Ya ce a garinsu titi ake barbaɗa wa
don ƙanƙara ta saki taya.
Lantana har da riƙe ciki:
mu nan da cokali muke auna shi,
wasu na can suna yi wa kwalta miya.

Sai da na kira Ɗanasabe, ɗan ƙanwata,
mai karatu inda rana ke kwanciya tun la'asar.
Ya juya min wayar.
Farin abu ya binne motoci har madubi,
shi kuwa bakinsa na tururi kamar buta,
yana kankarar gilashi da irin sandar nan tamu.
Ya ce, "Kawu, kullum sai na tono ta
kamar mai haƙar rogo, kafin in kama hanyar aji."

To, baiwar Allah, kin gudu ba ki tsira ba.
Nan babu dusar ƙanƙara,
sai ruwan Yuni da ba ya sallama.
Ranar sunan ɗan Barmani, a Oshodi,
kwalbati ya cika ya tumbatsa,
ruwa ya shigo har kan tabarmar ƙafa,
inji ya yi tari biyu ya yi shiru.
Na naɗe wando, na cire hula,
Gambo da Sale suka kama baya,
Lantana a sitiyari, ita da ba ta taɓa tuƙi ba,
tana salati tana taka burki
mu kuwa muna turawa.

Gilashi ya yi hazo da numfashin yara.
A ranar na fara murɗa maɓallin nan mai jan zane
da ban taɓa kulawa ba.
Ɗumi ya fito, da wani ƙamshi na gidan wasu,
ya busar da safar Ummita kafin Ikeja.
Na ce a raina, wani uba can
shi ma ya taɓa tura ki da asuba,
yara na leƙe ta taga,
yana addu'a da yarensa.

Yanzu shekararta huɗu a hannuna.
Sandar roba na kankare taɓo,
an yi wa cikinta walda sau uku.
In wuta ta ɗauke kwana biyu
mukan je Mushin da sassafe
mu loda bulon ƙanƙara a but
saboda zoɓon Lantana da kunun aya.
Abin da ta baro a bayan teku
ga shi muna saya da kuɗinmu,
muna lulluɓe shi da buhu kada ya narke.

Ummita ce mai miƙowa.
Takan sa jar safar a hannun dama,
na hagun kuwa ta hura masa iska,
ta ce, "Baba, ɗayar tana wajen wa?"