Zugazugi

Jikana Jago ya faɗa teku daga kan katangar tashar jirage
a Porthleven, ran Asabar, ruwa na janyewa.
Abokansa huɗu na ihu, ɗaya na ɗaukar bidiyo.
Ruwan bai kai ƙirji ba. Dutse na ƙasa yana jira.

Ga ni a barandar asibiti a Truro,
shayi ya huce a kofin takarda.
Likita ta fito tana goge tabarau,
ta ce ƙafa ta karye wuri biyu, ƙashin baya ya tsira,
sai ta girgiza kai, ta yar da kalma ɗaya:
foolhardy.

Shekara talatin da ɗaya ina koyar da harshe.
Hannuna na rawa, kaina kuwa ya koma aji.
Kalmar nan baƙuwa ce, daga Faransa ta ƙetaro,
tagwaye ne da aka goya da zane ɗaya:
fol, wato wawa; hardi, mai ƙarfin hali.
Wautar da ta ci ta ƙoshi har ta yi ƙwanji.
Na ƙara tonawa. A bakin Rumawa
follis zugazugi ne, jakar fata ta maƙera,
ba komai a cikinta sai iska.
A matsa ta, ta hura wuta.
A sake ta, ta sake kumbura.

To, wa ya zuga mini yaro?
Su huɗun? Ko yarinyar da ke kallo daga bakin shago?

Kakansa Denzil ya taɓa fita cikin guguwa
da ƙaramin jirgi mai inji ɗaya,
ya dawo da asuba da mutum uku a raye.
Gari ya ce jarumi, aka yi ta sayo masa giya.
Ni da na kwana tsaye a taga
na san rabin kalmar da suka haɗiye.
Shi dai akwai masu jiransa a cikin ruwan.
Jago ba kowa, sai dutse.

Suka ce in shiga.
Ya buɗe ido, leɓe a bushe, ya ce,
“Kaka Morwenna, kin ga bidiyon?”

Na zo da faɗa cike da baki.
Sai na ɗora tafina a ƙirjinsa,
yana hawa, yana sauka,
jakar fata ’yar shekara goma sha shida
da iska a cikinta har yanzu.
Ban ɗauke hannun ba.