Randar Aji Uku

Ran Talata randar ajinmu ta fashe,
Malam Haladu na ofishin hedimasta.
Ruwa ya bi ƙarƙashin benci
yana neman masu takalmi bai samu da yawa ba.

Kafin ya dawo mun kafa kotu.
Nafi'u ne alƙali.
Ba wanda ya naɗa shi,
ubansa dai ke da injin niƙa,
jakarsa kuma mai zif ce,
sai muka tsinci kanmu muna kallon bakinsa.

"Wa ya fasa?"
Kawuna suka karkata wuri guda
kamar gero in iska ta ratsa gona,
suka tsaya kan Tabawa 'yar mahauci.
Wani ya ce hannunta duk santsin kitse.
Wani ya ce ai mace ce, moɗa ma gagararta take.
Ita da ke ɗauko tulu daga rijiyar gangare
sahu huɗu kafin a kaɗa ƙararrawa,
ko ɗigo ba ka gani a wuyan rigarta.

Ni na gani.
Ina bakin taga ina feƙe fensir da reza.
Ƙwallon tsumma ce, ƙafar kuwa ta alƙali.
Amma gobe Inna za ta aike ni niƙa,
kuma kwano uku ake bin mu.
Na ci gaba da fiƙa har fensirin ya ƙare.

Ba ta yi kuka ba.
Ta tsuguna tana tsince tsingaro a haɓar zane,
ta ce, "Ku matsa, kar ya yanke ku."

Shekara tara-tara muke.
Ba a allo muka karanto shi ba.
A ƙofar zaure muka koya,
inda ake durƙusa wa wani,
wata kuma a ce mata "ke!" daga tsaye.

Da kasuwar Gujungu ta ci
ubanta ya kawo sabuwar randa a ka.
Ita muka sha har aji shida.
Sanyin ruwanta har haƙori.

Jiya ɗana Mudi ya dawo da labari:
an sace biro a ajinsu.
Na ce wa ya ɗauka?
Ya ce, "Baba, ai kowa ya sani."
Na ce, kai ka gani?
Ya dube ni, ya ci gaba da cin ɗanwakensa.