Kalmar da Inna ta bar mini

Kwamfuta ɗaya gare mu a ofishin manoman shinkafa,
nan Argungu, bayan tashar Kamba.
Mu biyar ke hawanta kamar jakin gayya.
Hakilu da lissafin taki,
Marwanatu da sunayen masu bashi,
Dantani kuwa, in sola ta ɗauki rana,
sai ya buɗe duk abin da ya buɗu.
Ba mugu ba ne. Hannunsa ne ba ya zama.

Ni ma ina da 'yar jaka a ciki.
Na sa mata suna "Ragowar Rasit"
don ido ya wuce ta kamar tsohon kwando.
A cikinta akwai takardar asibiti
mai lambobin da likita ya daɗe yana kallo,
da wasiƙa uku zuwa ga ƙanena a Kwatano,
ban aika ko ɗaya ba,
sai muryar Inna, minti biyu da 'yan kai,
tana yi wa akuya faɗa a kan dusa.
Ban san ranar nan ita ce ta ƙarshe da zan ɗauka ba.

Wata Laraba na dawo daga Azahar,
tun daga ƙofa na ji ta:
"Ke, fita min daga kwano!"
Dantani na dariya, yana tambaya,
"Zayyanu, wace tsohuwa ce wagga?"
Na yi dariya tare da shi.
Cikina kuwa kamar an kwance mini zane a kasuwa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.
Da aka tashi na zauna, na rufe taga.
Na'ura ta ce in kawo kalmar sirri.
Na ba ta sunan ɗiyata, ta ce ya yi gajere.
Na ba ta sunan garinmu,
na tuna ko yaron mai shayi zai canka.

Ni ɗan fari ne.
Inna ba ta taɓa kama sunana ba,
sai "kai", sai "wannan yaron".
Amma sau ɗaya, a bakin Matan Fada,
zazzaɓi ya kwantar da ni cikin jirgi,
ta ɗauka ba na ji,
ta kira ni da wani suna can ƙasa-ƙasa.
Ba a raɗa shi ba, ba a yanka masa rago ba.
Shi na rubuta.
Na'ura ta ce in ƙara lamba,
na ƙara shekarar da ruwa ya cinye mana gona.

Kar ka jira in faɗe shi a nan.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Yanzu kullum da safe nakan danna shi,
allo ya mayar da shi ɗigo-ɗigo baƙi,
goma sha ɗaya, jere kamar tururuwa.
Ashe ita ma na'urar tana da kunya.
Na kwafe komai a filashi, yana cikin hulata,
gida biyu maganin gobara.

Dantani ya gwada, na sani.
Na tarar da shi yana hararar allo.
"Mi kaka ɓoyo haka? Kuɗi?"
Na ce masa, "Akuya."

Makon jiya na ga sabuwar jaka kusa da tawa,
an sa mata "Tsohon Jadawali", an kulle.
Da Marwanatu ta ja kujera za ta shiga,
yatsunta suka tsaya a sama, suna jira.
Na tashi na nufi randa,
na sha ruwan da ba na jin ƙishinsa,
ina kallon masu shanyar shinkafa a waje
har na ji ta sauke numfashi.