Ƙulli a Gefen Ɗinki

Shekara uku ke nan da aka yi mini aiki
a asibitin Kumo, ana tsuga ruwa,
aka zaro Isiyaku yana tsala ihu.
Ɗinki ya kame. Kowa ya ce barka.

Sai ga ƙulli a gefen hagu,
bai fi gurjiya ba.
Shiru yake, sai ranar da na ajiye salla
ya kumbura, ya zama garwashi.
Na matsar da ɗaurin zani sama.
Kekena ma da ƙafa ɗaya nake taka shi.

Mai kemis ya ce maruru ne.
Goggo Adda ta ce zare aka manta a ciki.
Na sha sassaƙe.
Wata ya zagayo, ƙulli ya amsa.

A Gombe, likita ta tambayi kwanakina
kafin ta taɓa ni.
Ta ce guntun shimfiɗar mahaifa ne
ya biyo wuƙa, ya yada zango a bakin ƙofa,
bai san ya bar gida ba.
Lokaci na yi sai ya zubar da jini, ga shi ba mafita.

Na yi dariya har ya soke ni.
Ashe ɓatan hanya ya yi.

Ran Laraba za a cire shi.
Isiyaku ya kafa kunne a wurin,
ya ce, Inna, ƙanena ne?
Na ce a'a.
Ɗaga, ka danne mini.