Haruffan Gudu

A Garwa, bayan layin masu babura,
Hamajoda ya ce in zana sunan shagonsa
da haruffan da suka fi babur sauri.

Na karkatar da kowannensu gaba
kamar ɗan tsere mai jiran usur.
Na datse wa R ƙafa,
na tsaga O ta ciki
don iska ta sami hanya.

Babana, da ya shekara talatin
yana tsayar da baƙi ƙyam a allon kwano,
ya ce, "Waɗannan baƙin ko sallama babu."

Da magariba na hango shi bakin titi,
fenti a gemu, ya karkata kai,
yana raka su da ido
har gadar Binuwai.