Hannun Hagu

A Garwa, cikin watan Maris,
sa'ad da kwalta kan narke ta riƙe dunduniyar mutum,
tun kafin rana ta yi wanka yake buɗe ƙofar makaranta,
Malam Njidda,
usur rataye a igiyar takalmi,
ƙwallo ɗaya a hammata, mai faci bakwai.

Kwandonmu na fari garen keke ne.
Shi ya zare wayoyinsa ɗaiɗai,
ya kai wa mai walda a Yalwa, ya biya da kuɗin cefane.
Ragar kuwa wani masunci ya yanko
daga tsohuwar komarsa a bakin Binuwai.
Har damina ta zo ta wuce,
duk wadda ta zura ƙwallo
sai ta koma aji da ƙarnin tarwaɗa a tafinta.

Da toka muke jan layi.
Awakin maƙwabta su bi ta kai, mu sake ja.

Yana da wani littafi mai baƙin bango.
Wadda ta faɗi lissafi ba ta shiga fili,
sai ta zauna gindin darbejiya tana ƙirga maki:
biyu, biyu, ɗaya, biyu.
Na yi zango guda a gindin nan
ina kuka, ina tarawa.
Yau allurai nake aunawa a asibiti,
ban taɓa kuskuren ɗigo ba.

Na tuna tafiyarmu Marwa
a bayan motar auduga, mu goma sha ɗaya,
takalma takwas, muna karɓa-karɓa.
Aka lallasa mu da tazarar talatin.
Muka fito kai a ƙasa, muna jiran faɗa.
Ya tsaya wajen mai rake, ya sa aka sara mana gaɓa bibbiyu,
ya bari sai da muka tsotse tas,
sannan ya ce, "Gobe, ƙarfe biyar."

Shekara talatin da takwas.
Shugabannin makaranta shida suka zo suka tafi,
kowa da alkawarin siminti.
Kofin da ya taɓa ci bai kai butar alwala ba,
a ciki yake ajiye allurar famfo da gam.
Sali ya zama jandarma.
Asta na sayar da atamfa a Kusiri.
Hamajam dogo ya kai har Yawunde yana wasa,
ya aiko da sababbin ƙwallaye goma sha biyu.
Malam ya raba wa makarantun ƙauye goma sha ɗaya,
mai facin nan kuwa ya ƙi yarwa.

Bara na koma, riƙe da hannun 'yata.
An zuba simintin a ƙarshe,
bayan yana ta rufe masa idanu.
Yana zaune kan benci, sanda tsakanin gwiwoyi,
wani yaronsa ke hura usur yanzu,
shi kuwa kunne ya kafa wa ƙasa:
"Wa ke dukan ƙwallo kamar mai sussuka?
Sassauta, ɗana, ba ta ci bashinka ba."

Ban yi sallama ba.
Ƙwallo ta gangaro ƙafata, na ɗauka,
na buga sau uku da dama,
na juya hagu, ta kuɓuce.

Ya ɗaga kai wajen da ƙarar ta mutu.
"Dudu," ya ce.
"Shekara ashirin, hagun nan na nan da ƙiwarsa."

Dariya ta zo mini tare da wani abu a maƙogwaro.

Ya laluba har ya sami kan yarinyar,
ya gangaro kafaɗa, ya auna tsawon damtse,
ya tsallake hannun dama,
ya buɗe ɗan tafinta na hagu
ya ɗora ƙwallon a kai.